Situdiyon da Muka Yi da Buhunan Albasa

A shekarun farko bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, sana'ata sayar da kaset ce a kasuwar Jega. Rumfata ƙarama ce kusa da layin mahauta. Ina da rakoda mai baki biyu da nake kwafar kaset da ita, da lasifika guda da nake ratayewa a jikin ginshiƙi don kiran masu saye. Kaset ɗin wa'azi da na karatu da na mawaƙan birni duk ina da su. Amma abin da mutanen ƙauye suka fi tambaya ranar kasuwa, shi ne ba ni da shi: kiɗan wani tsohon makaɗin noma na Liba, can ƙasar Maiyama. Da wuya ka sami magidanci a yankinmu da bai taɓa yin noma a gaban gangarsa ba.

Kaset ɗinsa ɗaya ne ke yawo a gari, wanda wani ya ɗauka a wurin biki da rediyo a hammata. An kwafa, an kwafi kwafin, har muryar ta koma kamar ta mai kira daga ƙasan rijiya. Na tambayi wani dillalin kaset abin da za a kashe a kai tsohon Kano ko Kaduna a ɗauke shi a situdiyo na gaske. Da ya faɗa mini, na yi dariya na canza zance.

Kuskuren da aka yi shi ne na ba wan matata wannan labari. Gyaran rediyo yake yi a bakin tasha. Injiniya ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, ya rubuta da jan fenti a ƙofar shagonsa.

"Mi Kano ta hi mu da shi?" in ji shi. "Situdiyo ɗaki na, da makirho, da rakoda. Ɗaki kana da shi, rakoda kana da ita. Sauran ka bar mani."

Na ce, "Yaya, ka taɓa shiga situdiyo?"

"Na ga hoto nai."

Da na gaya wa matata zan sayar da babur ɗina mu fara aikin, sai ta ajiye muciyar da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, "Malam, wana na, uwa ɗaya uba ɗaya, ina son shi. Amma tun muna yara bai taɓa buɗe abu ya ruhe ba tare da an samu sauran ƙusa ga ƙasa ba." Na ce mata mata ba su san harkar na'ura ba. Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi. Na sayar da babur.

Akwai wani shago a jikin zauren gidana, ginin ƙasa da rufin kwano, taga guda tana duban titi. Shi muka zaɓa. Injiniya ya tsaya a tsakiyarsa ya tafa hannu, ya karkata kai yana saurare kamar likita, ya ce ɗakin yana amsa kuwwa, dole a lulluɓe bango. A hoton da ya gani, wai bangon duk gurbi-gurbi ne kamar kwalin ƙwai. Saboda haka na shiga bin masu shayi ina roƙon kwalin ƙwai. Ashe su ma mayar da shi suke yi ga masu kawo musu ƙwai, sai wanda ya yage ko ƙwai ya fashe a ciki suke iya ba da shi. Ni magidanci da iyali, na zama abin nuni a tasha. Da na doso sai ka ji mai shayi yana cewa, "Ga mai kwali nan tahe." Duk wahalar nan, abin da na tara bango ɗaya ya rufe, shi ma iyakar ƙirji.

Injiniya ya ce buhu ma yana yi. Ina da aboki a Aliero mai fataucin albasa, na hau mota na same shi a wurin da suke loda wa manyan motoci kaya. Da ya ji buƙatata ya yi murna ƙwarai, ya ce in kwashi iya abin da zan iya kyauta. Ya kamata murnar tasa ta sa in yi tunani. Buhunan da albasa ta ruɓe a ciki ne, sun daɗe a tare a bayan rumfa yana neman inda zai kai su. Direban da ya kawo ni Jega sai da ya ɗaure su a saman mota, ya kuma yi mini magana marar daɗi a gaban fasinja.

Na ce a wanke su. Injiniya ya ce in an wanke buhu zarensa yana saki, ba zai riƙe sauti ba, wari kuma iska ce, za ta fita. Muka buga su ninki biyu da ƙusa, bango da rufi. Sannan ya ce taga ita ce babbar abokiyar gaba, muka toshe ta da tsohuwar katifar auduga. Ta ina warin zai fita bayan an toshe taga, wannan tambaya ba ta zo mini ba sai daga baya. Lokacin bazara ne, irin zafin da ke sa kare ya ƙi tashi ko an jefe shi. In ka shiga ɗakin ka rufe ƙofa, kafin ka gama bisimilla riga ta manne a baya, ido yana yaji.

Sai kayan aiki. Makirfo mun saye shi a hannun wani mai tallar maganin gargajiya da ya bar sana'a. Ya sha faɗuwa, kansa ya lotse gefe guda. Injiniya ya sa masa tsohuwar safa, wai don kada numfashi ya buge shi. Abin kafa shi kuwa, taɓaryar matata ce muka dasa a gwangwanin yashi, muka ɗaure makirfon a kanta da robar taya. Ita kuwa ta aika aka aro mata wata a maƙwabta, ta tabbatar kowa ya ji dalili. Babban abin alfaharin Injiniya shi ne wani akwatin katako da ya cika da kayan cikin matattun rediyoyi, ya fito masa da maɓallai a gaba. Ya ce shi ke haɗa sauti ya tace. Biyu daga cikin maɓallan ba a haɗa su da komai ba, na gane haka ne wata rana da na leƙa ciki. Da na tambaya ya ce na nan gaba ne.

Ranar gwaji na tsaya gaban taɓarya na yi sallama, na ce gwaji ne, gwaji ne. Muka mayar da kaset baya muka saurara. Muryata tana nan, amma a ƙarƙashinta akwai wani ƙugi kamar ƙudan zuma sun shiga tulu. Injiniya ya ce laifin wutar lantarki ne. Ba mu gama gardama ba wutar ta ɗauke, ta hutar da mu. Muka koma batirin mota. Da batir ƙugin ya ragu, sai dai in ya fara sanyi rakoda tana jan zare a hankali ba tare da ka lura ba. In ka zo saurare da cikakkiyar wuta, sai ka ji kanka kana magana da sauri da siririyar murya kamar ɗan akuya. Matata ta ji wannan kaset daga tsakar gida, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan injin niƙa. Maƙwabcina wani Alhaji ne mai injin niƙa, katanga ɗaya ta raba mu. Na shekara da shekaru ina zaune da ƙarar injin nan har kunnena ya daina jinta. Makirfo bai daina ba. Buhu ya tare muryar masu wucewa a titi, amma injin ta ƙasa yake zuwa, ya hau gwangwanin yashi, ya bi taɓarya ya shiga kaset. Daga hantsi har magariba yake aiki. Bayan magariba kuwa ba a zancen kiɗa, don gidan liman yana bayan nawa.

Na je na durƙusa na gaishe da Alhaji, na yi masa bayani. Ya saurare ni yana kaɗa carbi.

"To, kai kana son in kashe injina, mata su koma gida da hatsinsu, don ka yi kiɗi?"

"Na ɗan lokaci na, Alhaji. Da hantsi kawai."

Sai ya tambayi wane makaɗi ne. Da na faɗa sai fuskarsa ta sake. Ashe da ƙuruciya ya yi noma a gaban gangar tsohon. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: a sa sunansa a waƙa, da na mahaifinsa, a kuma faɗi cewa injinsa ba ya ƙona gari. Na ce an gama, alhali ban ko ga makaɗin ba tukuna.

Na tafi Liba. Na sami tsohon a ƙofar gida yana ɗaure fatar ganga. Dogo ne siriri, hannuwansa manya kamar ba nasa ba. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Tambayarsa ta farko ita ce gonar wa za a noma. Na ce ba gona, ɗaki ne, zai yi waƙa a gaban na'ura, mutane su saya su ji a gidajensu. Ya dube ni yadda ake duban marar lafiya, amma ya ce tunda na tako har ƙofarsa, zai zo.

Ni a lissafina mutum uku ne za su zo, shi da mai amshi da mai ƙaramar ganga. Ranar da suka sauka, sai da na fito titi na tabbatar motar ba ta wani gida ba ce. Ga 'yan amshi, ga masu ganga, ga sanƙira mai yi masa kirari, ga wani ƙaninsa kurma da aka ce ba ya tafiya ba shi, ga wasu da har suka koma ban san aikinsu ba. Suka shimfiɗa tabarmi a zaure kamar gidan ubansu. Matata ta leƙo ta labule ta ƙirga kawuna da ido, ta koma ta ɗora babbar tukunya. A 'yan kwanakin nan buhun geronmu ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Washegari da hantsi Alhaji ya kashe inji kamar yadda ya alkawarta, ya zo ya zauna a zaure da babbar riga yana jiran ya ji sunansa. Muka cusa waɗanda za su shiga cikin ɗakin, muka rufe ƙofa. Tsohon ya ja numfashi ɗaya ya juyo.

"Ɗana, mi am mutu cikin ɗakin ga?"

"Albasa ta, Baba. Za ka saba."

Bai saba ba. Aka soma kiɗa, allurar rakoda ta buga ƙarshe ta manne, don gangar noma an yi ta ne a ji ta daga wannan ƙauye zuwa wancan. Injiniya ya ɗaga hannu ya ce a buga a hankali. Masu ganga suka dubi juna. Wani ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa ce masa ya buga a hankali ba. Muka tura su lungu muka rufa wa gangunan bargo. Sannan tsohon ya matso ya buɗe baki, leɓensa ya taɓa safa, wuta ta fizge shi. Ya yi baya yana salati, ya taka ƙafar ƙaninsa kurma, wanda bai san abin da ya faru ba, ya kama faɗa.

"Ba komi, Baba," in ji Injiniya, "alama ta wuta na zagayawa daidai."

Daga nan tsohon bai ƙara yarda ya kusanci taɓaryar ba. Yakan tsaya nesa yana hararar ta. In na matsar da ita, ya ja baya. In waƙa ta ɗan kama shi, sai ya juya mata ƙeya ya fuskanci 'yan amshinsa, don haka ya saba. Ni kuma in riƙa kama kafaɗarsa ina juyo shi kamar mai gwada riga. Ga zufa tana zuba, ga ido yana ruwa, ɗaya daga cikin 'yan amshi yana ta atishawa a tsakiyar kowane baiti. Ana cikin haka wani ya yi sallama a zaure, tsohon ya tsai da waƙa cak ya amsa, ya tambayi mutumin gida da gajiya ta cikin ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waƙar kanta ba ta da rai. Muryar tana nan, amma kamar mai karanta abin da aka ba shi. Na ce, "Baba, ba hakanga kaka yi ga gona ba." Ya ce, "Ga gona ina ganin mutum ya duƙa, in kira ubanai, in ga ya ƙara wuta. Nan wa nika kira? Buhu?"

Haka muka yi ta fama, yau da gobe. Alhaji ya fara ƙorafi mata suna kai niƙa wani wuri. Sai wata safiya, ban san abin da ya sauko wa tsohon ba, ya rufe ido ya kama wata tsohuwar waƙa ta wani manomi abokinsa da ya rasu. 'Yan amshi suka ɗauka. Ba wanda ya yi atishawa. Ni kaina na ma manta da warin. Ya kai ƙarshe, har ya saka Alhaji da injinsa a wutsiyar waƙar. Muka fito zaure muna shan iska, kowa yana murmushi, Injiniya ya mayar da kaset ya danna.

Waƙar ta fito tas. Muna cikin jin daɗi, daidai inda tsohon ya ambaci kabarin abokinsa, sai ga wata murya ta shigo a kan tasa, wani mutum yana karanta labarai da Faransanci. Akwatin Injiniya ne ya tuna asalinsa, ya kamo wata tasha daga ƙetare. Mutumin bai yi shiru ba har ƙarshen waƙar. Sunan Alhaji ma a ƙarƙashin Faransanci ya wuce.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Yaya, babur ɗina na sayar! Babur mai tahiya, na sayar na sayi wari da Faransanci!" Ya ce ai wannan shaida ce akwatin yana da ƙarfi fiye da yadda ya zata, waya ɗaya ce kawai zai cire. Na ce ya cire ta a gidansa. Muka yi ta sa'insa a gaban baƙi, abin da ban taɓa yi da surukina ba. Sai da matata ta yi gyaran murya daga bayan labule muka yi shiru. Alhaji ya kaɗe rigarsa ya fita, ba a jima ba muka ji inji ya tashi.

Tsohon ya sa aka ɗaure ganguna. Da zai hau mota ya kira ni gefe ya ce kada in ɓata rai. In ruwa ya zauna akwai gayya da aka kira shi a Kuberi, in ina so in zo da na'urata can. Amma ɗakin nan, ko da sarki ya aiko, ba ya sake shiga.

Ni da Injiniya mun ɗauki lokaci ba ma ga maciji da juna, gaisuwa kawai. Amma da damina ta sauka dole na neme shi, don ni ban san wace waya ke shiga ina ba. Sharaɗina ɗaya ne, akwatin ya zauna a gida. Muka ɗauki rakoda da makirfo da batir muka tafi Kuberi. Mota ta ajiye mu a bakin hanya, sauran tafiyar a amalanken shanu muka yi ta, ina rungume da rakoda cikin zanen matata don tsoron yayyafi.

Gonar gero ce babba, samari sun jeru da hauya daga wannan gefe zuwa wancan. Da tsohon ya rataya ganga ya buɗe murya, sai na ga wani mutum dabam, ba wanda na riƙa juyawa a ɗaki ba. Amma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana bin manoma daga wannan kunyar gero zuwa waccan, in ya ga wanda ya rage gudu ya nufe shi. Dole muka bi shi. Na ɗaure makirfo a sanda ina tafiya da baya-baya a gabansa, rakoda tana rataye a wuyana, Injiniya yana biye da batir a ka, waya ta haɗa mu kamar shanun huɗa. In na yi sauri ya yi ihu, in ya yi tuntuɓe waya ta fizge wuyana. Ruwan batir ya tsiyayo ya cinye masa kafaɗar riga. Na faɗi zaune a cikin laka ba sau ɗaya ba, na kuma tattake geron mutane har mai gonar ya biyo ni yana roƙo in dubi Allah.

Da muka dawo na saurari kaset ɗin, raina ya ɓaci. Iska tana bugun makirfo, ga ƙarar hauya, ga ihun samari, ga muryar Injiniya a sarari yana cewa in tsaya wuyansa zai karye. Na so in ajiye shi. Amma na riga na kashe abin da na kashe, saboda haka ranar kasuwa na sa shi a lasifika don in ga abin da zai faru. Kafin azahar mutane sun toshe layin mahauta. Wani dattijo ya tsaya da akuyarsa a hannu yana ta gyaɗa kai, ya ce ya ji muryar ɗansa a cikin masu ihu. Na kwana biyu ina kwafa hannu ba hutawa, na fara tunanin wane irin babur zan saya.

Kasuwa ta gaba, tun kafin in buɗe rumfa na ji waƙar tana tashi daga wata rumfa a layin 'yan tireda. Na ƙara gaba, ga ta a wata. Abokan sana'ata sun sayi ɗaya-ɗaya sun kwafa, suna sayarwa ƙasa da nawa. Na je wurin ɗaya da faɗa, ya dube ni ya ce, "Kai waɗanda kaka saidawa, kai ka ɗauko su?" Na juya na koma rumfata raina a ɓace. Na kai wa tsohon rabonsa daga abin da aka samu, sai na tarar shi ma yana da ƙara. Wai zare ya ƙare daidai lokacin da ya fara wasa wani babban manomin Kuberi, mutumin ya ji kowa a kaset ban da shi, ya yi fushi ya ce da gangan ne. Alhaji mai inji kuwa ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da carbi.

Ɗakin ya zauna a rufe. Na yanke shawarar in kwance komai in huta. Ina cikin wannan tunani wata safiya aka yi sallama, na fito na ga wata tsohuwa daga unguwar gaba, riƙe da sabon kaset a ƙullin zane. Ta ce an gaya mata ina da ɗakin da ake magana a ciki ba wanda ke ji daga waje. Ɗanta yana Kurmi, can kudu, wajen sayar da albasa, ya daɗe bai zo ba, ita kuwa ba ta rubutu, kuma ba ta son mai rubuta wasiƙa ya ji cikinta. Tana so ta yi masa magana a kaset, direba ya kai masa.

Na ce, "Inna, wanga ɗaki na waƙa na."

Ta ce, "To, waƙar tana ina?"

Na buɗe mata. Na zaunar da ita, na nuna mata inda za ta fuskanta, na danna. Ta zuba mini ido. Na ce ta fara. Ta ce ba ta yin maganar ɗanta a gaban namiji, in kira mata matar gidan. Haka na kira matata, na nuna mata jan maɓalli da baƙi, na fita zaure na zauna kamar mai gadi.

Kafin wata ya zagayo labari ya bazu. Masu 'ya'ya a Kurmi, masu miji a Makka, wata ma daga Sabiyal ta zo da jikarta a goye don uban ya ji kukanta. Kowace da kaset ɗinta da ɗan abin da za ta ba matata. Ba wadda ta taɓa tambayata komai sai ko matar gidan tana ciki. Injiniya ya zo ya ga mata a jere a zaure, ya ce ai tun farko ya san ɗakin zai yi amfani, in bari ya kawo akwatinsa don muryarsu ta ƙara fita. Ƙanwarsa ce ta ba shi amsa, ba ni ba, kuma bai sake tayar da zancen ba.

Tsohuwar ta farko ita ta fi kowa zuwa. Wata rana ta shiga tun hantsi, rana ta take ba ta fito ba, ni kuwa ina jiran rakodar in tafi kasuwa da ita. Matata ta leƙo tana share zufa ta ce in ba ta wani kaset, wancan ya cika ciki da baya. Na ce me tsohuwar nan take faɗa haka tun safe? Ta ce ba a ba ta izinin faɗa ba, amma dai har yanzu ba a gama gaisuwa da faɗan rashin aike ba, ainihin saƙon yana gaba. Na ɗauko mata sabon kaset daga cikin na sayarwa. Ranar ban je kasuwa ba.